Ɗankunyan fata da wani baduku ya ɗinka mini a Kurmi

Naira 18,000 na biya. Sati uku aka ce mini, sai da na yi biyar. Sau huɗu ina hawa adaidaita sahu daga Ɗorayi zuwa Kurmi a kan wannan aiki guda. Na sa waɗannan a gaba ne don duk wadda za ta bi sawuna ta san abin da za ta tarar. Amma in yau aka ce in sake ba da aikin, rumfar dattijon nan zan nufa, ba sai na tambayi kowa ba.

Ni malamar kimiyya ce a aji biyar na firamare. A zangon da ya wuce muka zo darasin yadda dabbobi ke kare kansu. Kunkuru kowa ya sani, bushiya ma haka, hawainiya kuwa har rige-rigen ɗaga hannu aka yi. Da na ce ɗankunya, sai aji ya yi tsit. Can wani yaro daga bencin baya ya ce, "Malama, ƙanina ne, ko alawa baƙo ya ba shi ba ya karɓa." Da gaske yake, ba tsokana ba. Yara 64 ne a ajin, babu ko ɗaya da ya san akwai dabba mai wannan suna, wato dabbar dajin nan mai ɓawo a jiki da ke naɗewa ta dunƙule in ta ga haɗari. Na nuna musu hoto a waya, amma kafin waya ɗaya ta zagaya aji an buga ƙararrawa. Kuma hoto ba ya naɗewa, alhali naɗewar nan ita nake so su gani.

Ni kaina ban taɓa ganinsa da rai ba. A bakin mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, na san shi. Fataucin goro ya yi shekara da shekaru tsakanin Kano da Shagamu, kuma yakan ba mu labarin ranar da wani maharbi ya fito bakin titi riƙe da wani abu dunƙulalle kamar gammo yana neman mai saye. Alhaji ya ce ya taɓa shi da yatsa, abin bai cije shi ba, bai yakushe shi ba, sai ƙara cusa fuska da ya yi cikin cikinsa. Bai saya ba, amma ya ce har motarsu ta kai Ilori abin yana ransa. Tun daga nan, duk wadda ta ɓuya bayan Umma a cikinmu don an yi baƙi, sai ya ce, "Ga ɗankunyan Shagamu."

Don haka na yanke shawarar a yi mini shi da fata, wanda yara za su riƙe da hannunsu.

Rumfa biyu na fara shiga a layin dukawa. Mai ta farko ya ce shi jaka da alabe kaɗai yake yi. Mai ta biyu ya ce zai iya, amma da na ga raƙuman fatar da yake sayar wa baƙi, sandararru kamar sassaƙar icce, na san ba abin da nake nema ba ne. Ta ukun 'yar ƙaramar rumfa ce marar allon suna, gafaka da tumtum a rataye, warin jima da bagaruwa ya cika ta. Dattijo ne zaune a kan buzu da basilla a hannu, yaronsa na gefe yana yanka fata.

"Salamu alaikum. Sannu da aiki, Baba."

"Wa alaikumus salam, sannu 'yata. Gafaka ko takalmi?"

Na miƙa masa wayar. Gajeren bidiyo ne, zaki yana jujjuya ɗankunya da ƙafa, ya gwada haƙori ta nan, ya gwada ta can, daga ƙarshe ya haƙura ya yi gaba. Sau uku Baba ya sa na maimaita masa. Na lura ba zakin yake kallo ba, yadda ɓawon ke hawa kan juna yake bi da ido. "Ikon Allah," ya ce. "Tun ina yaro nake jin sunansa, sai yau na sa shi a ido. Wannan ai jinka ce. Daga ƙasa ake farawa a hau sama." Wannan magana ce ta sa na ja benci na zauna.

Muna cikin haka wani saurayi da ke tsaye a bakin rumfar, irin masu bin baƙi su nuna musu hanya, ya sa baki. "Hajiya, in na gaskiyar kike so, ki ba ni kwana biyu in samo miki ɓawonsa, sai Baba ya jera miki." Kafin in buɗe baki, Baba ya ce, ko kai bai ɗago ba, "Ba a rumfata ba. Fatar abin da aka yanka aka ci nake aiki da ita." Saurayin ya ja jikinsa.

Tayin ya ɓata mini rai ƙwarai, domin ɓawon nan shi ke ƙarar da dabbar. A Afrilun 2019 jami'an Singafo suka buɗe wata kwantena da ta taso daga Najeriya za ta Biyetnam, a takarda an ce daskararren naman shanu ne. Ɓawon ɗankunya suka tarar, kusan tan 13, wanda aka ƙiyasta na dabba 17,000 ne. Ba a yi sati ba suka sake kama wata mai kusan wannan nauyi, ita ma daga ƙasar nan. Alhali tun 2016, a taron CITES (yarjejeniyar ƙasashen duniya kan cinikin namun daji da tsirran da ke fuskantar ƙarewa) da aka yi a Johannesburg, aka haramta cinikinsa tsakanin ƙasa da ƙasa, dukkan nau'o'insa takwas da aka sani a lokacin, huɗu na Afirka, huɗu na Asiya. A Oktoban 2023 ma gwamnatinmu ta ƙone kusan tan 4 na ɓawon da aka kama, a Abuja. Duk wannan ɓarna kuwa a kan abin da ake cewa magani ne, wanda sinadarinsa, keratin, shi ne dai na farcen da muke yankewa mu zubar. Na faɗa wa Baba haka. Ya dubi farcen babban yatsansa da basilla ta cinye wa gefe, bai ce komai ba.

Ya sa 25,000, na taya 12,000, ya ce albarka. Muka daidaita a 18,000, na ba da kafin alƙalami 8,000. Tsakiyar Janairu ne. Burina kayan su iso kafin Ranar Ɗankunya ta Duniya, wadda ake yi duk Asabar ta uku ta Fabrairu, in yi darasin a cikin satin.

A nan laifinsa na farko yake, kuma ba zan ɓoye ba. Da sati ukun suka cika na je, gangar jiki da kai kawai na tarar, ko ɓawo ɗaya ba a jera ba. Aikin tumtum na wani biki ne ya shigo, ya ajiye nawa. Yana da lambata, bai kira ba. Ya ba ni haƙuri yadda ya kamata, ya sa yaronsa ya sayo mini ruwa, amma kuɗin mota sun tafi, kuma sai da ranar da nake hari ta wuce sannan na karɓi kayana. Duk mai son aikinsa don wata rana ta musamman ta ƙara sati biyu a kan abin da ya faɗa, ta kuma riƙa leƙawa.

Sai dai zuwan nan ya yi rana, don shi ya ceci kan. Baba ya yi masa kunnuwa irin na ɓera, ya jera masa fararen haƙora na ƙashi, ƙanana, aiki mai kyau ƙwarai da bai kamata a yi ba. Na ce, "Baba, ai ba shi da haƙori ko ɗaya."

"Dabba guda ba haƙori? To da me yake ci?"

Na yi masa bayani. Gara da tururuwa ne abincinsa. Da manyan faratan gaba yake fasa shuri, ya zura dogon harshe mai yauƙi wanda tushensa ke can cikin ƙirji, ya laso su. Yakan haɗiye yashi da 'yan tsakuwa su niƙa masa abincin a ciki, kamar yadda kaza ke yi. Har hanci da kunnuwa yake iya toshewa kada tururuwa su shige shi. Baba ya saurara har na gama, sannan ya ɗauki aska ya farke ɗinkin kan a gabana. Aikin yini guda ne ya warware, bai nemi ƙarin ko kwabo ba, bai kuma yi musu ba. Na sha ganin mai sana'ar da in ka nuna masa kuskure sai ya ce ai haka ake yi. Shi ba haka yake ba.

Yana farkewa ne ya tambaye ni, "To su Turawa me suke ce masa?"

Na ce pangolin, amma kalmar ba tasu ba ce. Aro suka yi daga harshen Malay, na mutanen Malesiya da maƙwabtansu, inda pengguling ke nufin abin da ke naɗewa ya mirgina. Mutanen Sin kuwa suna ce masa chuan shan jia, wato mai sulken da ke huda dutse, saboda ƙarfin haƙarsa. Shi kuma Linnaeus, masanin nan ɗan Suwidin da ya tsara wa halittu sunayen kimiyya, a 1758 ya sa masa Manis, daga kalmar Latin mai nufin ruhohin matattu, don da dare yake fitowa, ba kasafai ake ganinsa ba.

Baba ya ajiye askar. "Kowa da abin da idonsa ya faɗa a kai," ya ce. "Wani naɗin ya gani, wani sulken. Bahaushe hali ya gani."

Na ce, "Ni abin da ke ɗaure mini kai, Baba, me ya sa ba a ce masa ɗan tsoro ba?"

"Matsoraci gudu yake, 'yata. Bushiya ma in ta dunƙule ƙaya take nuna miki, wannan shirin faɗa ne. Shi wannan fuskarsa yake rufewa ya tsaya inda yake. Kin taɓa ganin amarya ta tsere daga ɗaki don dangin miji sun shigo? Mayafi take ja."

Na daɗe ina juya maganar nan. A fannin kimiyya ba ta cika cif ba: gefen ɓawonsa da kaifi, yakan kaɗa wutsiya ya yanki wanda ya matsa masa, yakan kuma saki wari in an takura shi. Amma a kan sunan, ina ganin Baba ya yi daidai. Kunya a wurinmu ba aibu ba ce. Ita ce ke hana uwa kiran sunan ɗanta na fari, ita ke sa suruki ya cire takalmi tun daga zaure, kuma Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce tana daga cikin imani. Mutanen da suka raɗa wa dabbar daji wannan suna ba raina ta suka yi ba. Sunan da ake yabon ɗa na gari da shi suka ba ta. Da ciwo a ce jikokinsu ba su san ta ba, sai in labarin kwastam ya fito a rediyo.

Bari in zo kan kayan. Tsawonsa daga hanci zuwa ƙarshen wutsiya santimita 70, ɗan ƙasa da girman nau'in nan mai hawa bishiya na dazukan kudu, wanda fatar cikinsa fara ce. Cikin ya yi shi da fatar akuya mai laushi, babu ɓawo, kamar yadda na gasken yake, ya cusa audugar rimi. Ɓawon kuma daga guntayen kirgi ya yanko, ragowar masu takalma na Ƙofar Wambai, kowanne kamar ganyen magarya amma ya fi shi faɗi, ya yi masa siraran zane a tsaye da bakin basilla. Na ƙirga, guda 212 ne. Manya a gadon baya, ƙanana a wuya da ƙafafu. Daga ƙarshen wutsiya ya fara jerawa ya hau zuwa kai, yadda ya faɗa tun ranar farko, kowanne a kansa kaɗai aka ɗinke shi, ƙasansa a sake. In ka shafa daga kai zuwa wutsiya santsi ne, in ka dawo da hannu baya sai ɓawon ya tashi ya tare ka.

Abin da ya fi komai burge ni shi ne igiyar. Ya bi ƙarƙashin cikin da igiyar fata ta cikin 'yan zobba, daga haɓa har wutsiya. In ka ja ta, kan ne ke fara shigewa tsakanin ƙafafun gaba, sannan baya ya lanƙwashe, wutsiya ta zagayo ta rufe komai a ƙarshe. Ban ce masa ya yi haka ba. Yaronsa ya gaya mini sau biyu Baba yana kwance zobban yana sake musu wuri, don da farko wutsiyar ce ke riga kan naɗewa, shi kuwa ya ce ba haka ya gani a waya ba, kuma in ba fuskar ce ta fara ɓuya ba, to ba ɗankunya ba ne. Idan ya dunƙule, girman ƙaramar kabewa yake, ba ka ganin ido, ba ka ganin ciki, sai sulke ta ko'ina kamar na mahayan Sallah.

Yana da nasa cikas. Rinin da ya yi, ruwan ƙasa mai duhu, ya riƙa fita a hannu a satin farko, musamman in hannun da gumi, har ya ɓata wa wata yarinya gefen farin hijabinta. Da na koka, Baba ya ce in shafe shi da man kaɗanya in ajiye a inuwa kwana biyu, in goge da tsumma. Na yi, ya daina, amma da ya kamata a yi wannan tun a rumfa. Ɓawo bakwai na lanƙwasar wuya sun zube cikin kwana goma. Da na duba, da gam aka liƙa su, ba ɗinki ba, aikin gaggawar ranar ƙarshe ne. Zuwana na huɗu ke nan. Ya ɗinke su ina zaune, kyauta, ya kuma yi wa yaron faɗa a hankali ba tare da ya kunyata shi a gabana ba. Faratan da ya yi da ƙaho sun yi tsini da yawa ga hannun yara, sai da aka goge su. Harshen, jan zirin fata ne mai tsawon santimita 20, yana fitowa in an ja, amma ba ya komawa da kansa, sai na tura shi da fensir. Warin jima kuma har yanzu da saura. Wadda ba ta son sa kada ta ajiye shi kusa da kayan sawa.

Ranar da na kai shi aji, ban yi dogon bayani ba. Na ajiye shi a miƙe a kan tebur, na ce wa yaron nan na bencin baya ya zo ya zama zaki. Yana kai hannu na ja igiyar. Ajin ya ɗauki ihu. Ya juya shi, ya nemi inda zai sa yatsa, bai samu ba. Na tambaye su me ya sa mutanen Malay suka sa masa sunan da suka sa, suka amsa baki ɗaya. Na tambaye su na Hausa, wata ta ja hijabinta ta rufe fuska, kowa ya gane.

Sannan na ce, "To zaki ya kasa. Wa zai iya?"

Suka yi shiru. Can wata yarinya ƙarama da ba ta cika magana ba ta taso, ta zo gaban teburin, ta ɗauki ɗankunyan da hannu biyu, ta buɗe jakar makarantarta ta saka shi, ta ja zik. Ba wanda ya yi dariya. Abin da na shirya in bayyana cikin minti goma, ta gama shi ba ta ce uffan ba. Dabarar da ta gagari zaki ita ce ke sa maharbi ya sunkuya kawai ya ɗauka, ba harbi, ba tarko. Daga nan tambayoyi suka ɓarke, har aka cinye lokacin tara ba wanda ya fita. Wani ya tambaya ko 'ya'ya nawa yake haifa. Na ce nau'o'in Afirka galibi ɗaya tak uwa ke haifa a lokaci guda, ta goya shi a gindin wutsiyarta, in haɗari ya zo ta naɗe da shi a cikinta. Sai wata ta fara lissafi da yatsu a kan dubu goma sha bakwai ɗin da na faɗa musu, ta daina a tsakiya.

Ga malaman firamare, da iyayen da ke son abin wasan da ba roba ba, ina ba da shawarar wannan aiki. Ku shiga layin dukawa na Kurmi ku nemi masu ɗinkin hannu, ba masu sari ba. Ku tafi da bidiyo, hoto kaɗai ba ya isa. Ku ce a ɗinke kowane ɓawo, kada a sa gam ko a wuri ɗaya, a kuma shafe shi da mai kafin ku karɓa. Kada ku matse ciniki kamar yadda na yi. Da na ga yawan ɗinkin da ke jikinsa, na tabbata 25,000 ɗin da ya fara faɗa ba ta yi yawa ba. Wanda kuma ya yi muku tayin ɓawon gaske, ku ƙi, ku gaya masa dalili.

Ranar gyaran wuya na ba Baba labarin goyon wutsiya. Ya ce to ai aikin bai ƙare ba, ba a barin uwa ba ɗa. Mun yi ciniki a 6,000, wannan karon ban taya ba. Zai yi shi tsawon tafin hannu, da fatar akuya zalla don ɓawon jariri laushi gare shi, ya sa masa 'yar maɗauri da za ta kama gindin wutsiyar, yadda in an ja igiya zai shige ciki tare da kan uwar. Asabar mai zuwa zan leƙa in ga inda aka kwana.